Ciyawar kiri-kiri a tsakar gida: a shuka iri ko a yi dashe?

Duk hanyar da aka bi, sai an kafta ƙasa zurfin santimita 15, an tsince tushen aya-aya, an zuba takin da ya ruɓe. Ɗanyen taki gara yake jawowa.

Iri ya fi sauƙin aiki a babban fili. Giram 5 zuwa 10 ya isa murabba'in mita ɗaya. A gauraya shi da yashi don ya watsu daidai, a rufe da ƙasar da ba ta kai rabin santimita ba, domin idan ya nutse ba zai fito ba. Yakan tsiro cikin mako biyu, amma sai an yi ta yayyafi safe da yamma. Tururuwa na kwashe shi, mamakon Agusta kuma kan share shi ya tara a kwari.

Dashe ya fi cin ƙarfi, amma ya fi tabbas. A yanko yaɗon ciyawar mai gaɓa uku, a binne biyu, a bar kan a waje, tazarar santimita 20, a taka da ƙafa. A dasa ranar da aka ciro, don in ya wuni a rana zai mutu. Cikin wata biyu zuwa uku yakan rufe fili.

A Kano ko Maraɗi, ƙaramin tsakar gida dashe ya fi dacewa da shi, a ƙarshen Yuni da damina ta kankama. Amma ƙarƙashin darbejiya kada a wahalar da kai, kiri-kiri na bukatar ranar awa 6 aƙalla.