Dambe, Judo ko Taekwondo: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka Don Kare Kai?

Kafin ka biya kuɗin rajista a kowane wurin horo, nemi izini ka zauna ka kalli atisayensu tukuna. Abu ɗaya za ka duba: ɗalibai suna gwabzawa da gaske, wannan na neman kayarwa wancan na turjewa? Ko kowa iska yake naushi a sahu, in an zo gwaji abokin ya miƙo hannu a hankali ya tsaya yana jira? Wanda zai tare ka a lungu ba zai jira ka ba.

Da wannan ma'auni, damben zamani ya fi saurin ba da amfani. Cikin 'yan watanni za ka iya rufe fuska, ka goce wa naushi, ka kuma saba da zafin bugu, wanda shi ne ke ruɗa mutum a karon farko. Kayansa kaɗan ne: safar dambe, bandejin naɗe hannu da robar kare haƙora. Rauninsa, in aka rungume ka aka kai ƙasa, ba shi da ta cewa. Dambenmu na gargajiya kuwa yana gina zuciya ƙwarai, amma babu kariyar fuska, raunin yatsu da haƙora kuma ba baƙon abu ba ne. Tela ko direban da zai fita aiki gobe da safe ya yi tunani sosai.

Ni dai judo, wato kokawar Japan, na fi ba wa mai farawa shawara. Jigoro Kano ne ya kafa shi a Tokyo a 1882, kuma darasinsa na farko faɗuwa ce: ka manne haɓa da ƙirji, ka doki tabarmar da tafin hannu, kada ƙeya ta taɓa ƙasa. Za a maimaita maka wannan har ka gaji. Ko ba ka taɓa faɗa da kowa ba, ranar da babur ya zame da kai za ka ga amfaninsa. Sannan yawancin rikici a wurinmu da cin kwala yake farawa, judo kuwa a kan riƙon riga aka gina shi. Wanda ya taso yana kokawa, irin wadda Nijar ke yi wa gasar lashe takobi tun 1975, zai ga ba baƙon wuri ya zo ba.

Taekwondo, wasan shuri da naushi na Koriya, ya fitar da mu kunya. Chika Chukwumerije ya samo wa Najeriya tagulla a gasar Olympics ta Beijing a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya samo wa Nijar azurfa a ta Rio a 2016. Yana da kyau ga yara, yana koyar da ladabi da saurin ƙafa. Sai dai dokar gasarsa ta Olympics ta hana naushi a fuska, kuma da wuya shuri a ka ya yiwu ga mai sanye da kaftani ko zani da silifas.

Duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka. Malamin kirki zai ce in masu ƙwacen waya suka zare makami, ka miƙa wayar ka tsira da ranka, zai kuma koya maka lura da wanda ke biye da kai, da daina latsa waya a bakin titi bayan magariba.

Zaɓi wurin da ke kusa da gida, domin zuwa sau uku a mako shekara guda ya fi shahararren wurin da kuɗin mota zai hana ka zuwa. Mata su tambaya ko akwai ajinsu daban da mai horarwa mace. Ka kuma tambaya tun farko ko kuɗin wata ya haɗa da na kayan sawa da na jarrabawar ɗamara, wato ta ƙarin matsayi, don wurare da dama daban suke karɓarsu.