Lambobin sojan Jamus biyu daga dillali ɗaya: kuros ɗin lafiya lau, ɗayar kuwa an yi mata kwalliya

Da kuros ɗin kaɗai na saya, da wannan sharhin yabo ne tun daga sama har ƙasa. Dillalin a Jamus yake, kuma duk mai tara kayan Yaƙin Duniya na Biyu ya san irinsu: hotuna tas, alamar Nazi a rufe da ɗan ɗigo saboda sashe na 86a na dokar laifuffukan ƙasar, wanda ya hana nuna irin waɗannan alamomi a bainar jama'a, ga kuma alkawarin mayar da kuɗi duk ranar da aka tabbatar kayan jabu ne. Abu biyu na haɗa a oda ɗaya: Kuros ɗin Ƙarfe mai daraja ta biyu na 1939, lambar yabon jarumta da 'yan harka ke kira EK2, da lambar farmakin sojan ƙasa mai ruwan azurfa, wato Infanterie-Sturmabzeichen. Ƙunshin ya iso lafiya, ba abin cewa a kansa.

Kuros ɗin ya yi kyau ƙwarai. Na gaske gida uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, sai firam biyu na farin ƙarfe, gaba da baya, da aka haɗa suka rungume shi. Idan ka juya shi ta gefe a ƙarƙashin gilashin maƙeran zinariya mai ƙara girma sau goma, za ka ga siririn layin haɗin ya zagaye shi kaf. Wannan yana da shi. Mayen ƙarfe ya kama tsakiyarsa, faɗinsa ya ba da milimita 44 ba gardama. Baƙin fentin bai hau kan firam ba ko kaɗan, kuma haka ya kamata, domin ana fenta tsakiyar ne kafin a rufe ta. Jabun da aka zuba gida ɗaya a nan asirinsa ke tonuwa, fenti kan taɓa ƙananan haƙoran da suka zagaye firam ɗin. A gaba an rubuta 1939 a reshen kuros ɗin na ƙasa, a baya 1813, shekarar da sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na Uku ya ƙirƙiro lambar. A jikin zoben rataya akwai tambarin 65, lambar kamfanin Klein & Quenzer na garin Idar-Oberstein, kuma siffar lambobin shekara da kusurwoyin firam sun yi daidai da sauran aikin kamfanin da na gwada da hotunansu. Tambari shi kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya buga lamba a zobe. Abin dubawa shi ne tambarin ya dace da jikin.

Ƙyallen ratayar ma, ja a tsakiya da fari da baƙi a gefe, na haska shi da tocilar nan da ake duba jabun kuɗi, farin bai yi walƙiya irin ta yadin zamani ba. Na zare zare ɗaya daga bakinsa na ƙona, ya zama toka, bai dunƙule kamar leda ba. Har a nan ina cewa na samu dillalin da zan zauna da shi.

Sai na juya ta biyun.

Janar Walther von Brauchitsch ne ya kafa wannan lamba ranar 20 ga Disamba 1939, ana bai wa sojan ƙasa da ya shiga farmaki uku a ranaku uku daban-daban. A 1940 aka ƙaro mai ruwan tagulla don sojan da ke tafiya a motoci. Siffarta kambin ganye ne, gaggafa a sama, bindigar K98 da wuƙarta a karkace a tsakiya. Na farko-farko da tagulla ko farin ƙarfe aka yi su, da yaƙi ya ci ƙarafa masu tsada sai aka koma tutiya. Ita kuwa tutiya halinta sananne ne: tana shanye ruwan azurfar da aka yi mata, bayan shekara tamanin sai ka ga lambar ta koma ruwan toka, wani wuri da ƙuraje-ƙuraje inda ƙarfen ya fara ciwo daga ciki. Shi ya sa mai tutiya da ta riƙe azurfarta take da tsada, kuma kuɗin wannan azurfar na biya. Bayanin tallar ya ce kusan duk ruwanta na nan, ba a taɓa ta ba.

An taɓa ta. Ƙugiyar da allura ke shiga a baya ba tata ba ce. Wayar ta fi ta gindin allurar haske, an zaunar da ita a kan tulin dalma kamar ƙwayar gero biyu, ga inuwar wurin da tsohuwar ta zauna a gefe, ta ɗan goce daga inda aka ɗora sabuwar. Wannan kaɗai bai isa a ta da jijiyar wuya ba. Ƙugiyar lambobin tutiya na yawan ɓallewa, wasu ma sojojin da kansu suka gyara tun lokacin yaƙi, kuma dillalin kirki yakan rubuta "an gyara ƙugiya" ya rage kuɗi, shi ke nan. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ruwan azurfar ya hau kan dalmar gyaran. Ya rufe ta ruf, launi ɗaya da sauran bayan lambar. Azurfar da aka yi a masana'anta ba yadda za a yi ta hau kan gyaran da aka yi bayanta. Ke nan wani ya gyara, sannan ya shafe lambar duka.

Da na koma gaban da wannan idon, sai komai ya fito. Lambar da aka sa a ƙirji tana fara goguwa ne daga wuraren da suka fi tudu: ƙirjin gaggafa, kan bindiga, gefen ganyayyaki. Azurfar asali a lunguna take saura. A wannan kuwa tudu da lungu duk haske ɗaya, kuma a tsakanin ganyayyakin ruwan ya taru ya yi kauri har ya cike jijiyoyin ganye biyu na ƙasa. Ƙurajen tutiyar nan ma suna nan a gefen hagu na kambin, amma an bi ta kansu, sun zama ƙananan tudu masu sheƙi maimakon su fashe su nuna toka. Na ɗiga ɗan asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, a auduga na taɓa wani lungu a baya inda ba ya ganuwa, audugar ta ɗauko launi. Ruwan azurfa na gaske ba ya bin auduga haka.

Gaskiya ɗaya dai, jikin lambar na asali ne. Gefenta na da sawun yankan inji, layuka sirara a tsaye, babu ramukan iska irin na zubin bayan gida, babu layin da aka goge da zarto, kuma tsawo da faɗi ba su gaza na 'yan uwanta ba. Wanda aka kwafa daga wata lambar kan ɗan tsuke, zanen kuma ya yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi. A kula, ba kowane zubi ne jabu ba, akwai masana'antun da suka riƙa zuba tutiya da inji a lokacin yaƙin, don haka da aikin kamfani ɗaya ake gwadawa, ba da lamba ko wacce ba.

A kan wannan gaskiyar dillalin ya tsaya. Na tura masa hotuna shida na kusa, ya amsa cikin kwana biyu, da ladabi, ba zan ƙwace masa wannan ba. Amsar ita ce garantinsa a kan asali yake, ba a kan yanayin kaya ba, kuma tun da lambar ta lokacin yaƙi ce, takardar shaidar da ya haɗo da ita ba ta yi ƙarya ba. Takardar ba ta yi ba, tallar fa? Ya ce in mayar idan ina so, kuɗin aikawa da inshora a wuyana, ko ya rage mini wani abu a ciniki na gaba. Ragi a ciniki na gaba ai ɗaure ni ne, ba biyan diyya ba.

Da na sake buɗe shafin tallar sai na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Kuros ɗin hoto biyar aka yi masa, har da zobe da gefe. Lambar farmakin hoto uku ne, na bayan an ɗauke shi daga sama, allura a rufe, ta kwanta daidai kan ƙugiyar ta ɓoye dalmar. Ban ce da gangan aka yi ba, amma mutumin da ya san ya ɗauki tambarin zobe da kyau ya san abin da mai saye ke nema a bayan lamba. Duk wanda zai saya a wurin irinsu ya nemi hoton baya da allura a buɗe, da hoton ƙugiya da gindin allura ta gefe, a hasken rana ba na fitila ba, ya kuma tambaya a rubuce ko an gyara ko an sake ruwa. Amsar da aka rubuta ita ce abin riƙewa idan magana ta tashi.

Ita kanta takardar shaidar, yanzu da na dube ta da kyau, har ta kuros ɗin ba ta gamsar da ni ba. Hoton gaba ne kawai, da suna da sa hannu. Babu nauyi, babu awo, ba a ambaci 65 ɗin ba. Za ka iya ɗora ta a kan kowane EK2 ta zauna. Kuros ɗin da kansa ya wanke kansa, ba takardar ba.

Zan riƙe kuros ɗin, kuma da a ce kuros kawai mutum ke nema, ba zan hana shi zuwa wurin ba. Lambar farmakin na mayar da ita ranar Litinin, da rajista, na biya kuɗin aikawa. Har yanzu ina jiran kuɗina, kuma ina leƙa shafin in ga da wane bayani za a sake sa ta a kasuwa.