Sharhi: jakar baya da takalman kare bayan wata shida a kan dutse da bakin tafki

Kayan guda uku ne da ake sayarwa tare: jaka mai manyan aljihuna biyu da ake ɗora wa kare a baya kamar mangalar jaki, takalma huɗu masu tafin roba, da kwanon ruwa mai naɗewa. Wata shida na yi ina gwada su a jikin kare mai shekara 4 da nauyin kilo 24, a gindin dutse mai ciyawa da tsakuwa, a hawa mai tsayi, da kuma zagayen tafki. Jakar ta cancanci a saya. Takalman sai an yi musu dabara. Kwanon ba shi da abin zargi: yana cin ruwa mililita 600, yana tsayawa a ƙasa marar daidaito ba tare da ya kife ba, ya kuma bushe da wuri. Sai dai jakar tana da aibi guda da ba ya fitowa sai ta jiƙe, kuma mai niyyar bin hanyar tafki ya kamata ya san shi kafin ya saya.

Komai daga awo yake farawa. Kada ka zaɓi girman jaka da nauyin kare ko da jinsinsa, domin karnuka biyu masu kilo ɗaya suna iya bambanta sosai a faɗin ƙirji. Ɗauki tef irin na tela ka zagaye ƙirjin a inda haƙarƙari ya fi faɗi, bayan ƙafafun gaba kaɗan, karen yana tsaye. Nawa ya ba da santimita 70. Idan awon ya faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin na fi so muddin maɗaurai suna da sauran tsawo, saboda babbar jaka aljihunta kan zarce har ƙugu, inda babu haƙarƙarin da zai tallafi kaya.

Wuraren ɗauri biyar ne: biyu a kafaɗa, ɗaya tsakanin ƙafafun gaba, biyu a ƙarƙashin ciki. Na gaban suna haɗuwa a kan ƙashin ƙirji su bar maƙogwaro da gaɓar kafaɗa a sake, kuma wannan ne babban abin da ya sa na yaba wa ɗinkin. Jakar da maɗaurinta ya gitta kafaɗa a kwance tana rage wa kare tsawon taku, a hawa kuwa nan da nan za ka ga ya gaji. Kowane maɗauri ka ja shi har yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa a kwance, na uku ya gagara. Na cikin da ke gaba ya bar tazarar kamar yatsu uku daga hamata.

Sai nauyi, inda mutane suka fi yin kuskure. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a fara da kashi 10 cikin 100 na nauyin kare, kada a wuce kashi 25 ko ga lafiyayye wanda ya saba. Ga mai kilo 24, farawa ke nan da kilo 2.4, iyaka kilo 6, kuma nauyin jakar kanta yana cikin lissafi. Wannan gram 450 take a sikeli babu komai a ciki. Ni dai a hanya mai gangare sosai ba na wuce kashi 15, wato kilo 3.6. Dalili shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake, idan ana gangarowa kuma kayan sukan zame gaba su ƙara musu. Kafin ma a kai kashi 10 ɗin, makon farko a sa masa jakar fanko a gajeriyar tafiya, mako na biyu rabin kilo, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har wata guda. Ɗan kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, wato ƙasa da wata 12 zuwa 18 gwargwadon girman jinsinsa, ba a ɗora masa kaya. Haka tsoho, da mai ciwon gaɓoɓi, da masu gajeren hanci da numfashi ke ba su wuya tun babu kaya.

Rinjaye ya fi nauyin kansa ɓarna. Bambancin gram 200 tsakanin aljihu biyu ya isa jakar ta karkata, maɗauri ya shige hamata ta gefe ɗaya, karen ya soma tafiya a karkace. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwa shi ne abin daidaita kaya mafi sauƙi: gora biyu masu rabin lita a kowane gefe, kana tsiyayawa daga dama da hagu bi da bi. Masu nauyi su zauna ƙasa kuma gaba, kusa da kafaɗa. Abu mai kaifin gefe kada ya jingina da haƙarƙari, a sa tawul ko ledar abinci tsakani. Kowane aljihu yana da igiyar matsewa a waje, kuma tana aiki da kyau. Idan ba ka ja ta ba gorunan za su riƙa dukan haƙarƙari duk lokacin da ya yi sassarfa.

A kan busasshiyar hanya ban ga abin kushewa ba. Mariƙin da ke gadon baya an ɗinka shi da ƙarfi, kuma shi ne abin da ya fi amfani a wurin manyan duwatsu. Amma na taimako ne, ba na ɗaga kare sama gaba ɗaya ba: hannu ɗaya a mariƙi, ɗayan a ƙarƙashin ciki ta wajen cinyoyi. A tuna kuma jaka tana ƙara wa kare faɗi, shi kuwa bai san da haka ba, sai ya kutsa tsakanin duwatsu biyu ya maƙale. A matsattsen wuri mai rami a gefe, cire masa ita ka riƙe da kanka.

Aibin yana cikin soson da aka lulluɓe maɗauran ciki da shi. Yana shan ruwa ya riƙe, yashin bakin tafki kuma ya shige cikin ragar da ke kansa. Jiƙaƙƙen soso mai yashi a kan fatar hamata, inda gashi ba shi da yawa, gurza yake yi a kowane taku. Cikin kamar awa ɗaya wurin ya yi ja, gashin ya kwanta, idan aka ci gaba ya saɓule ya zama miki. Ga shi maɗauran na nailan ne, nailan kuwa yana ɗan miƙewa idan ya jiƙe, sai ɗaurin ya saki, jakar ta riƙa motsi, gurzar ta ƙaru. Maganinsa ba wuya amma sai an kiyaye: kwance jakar tun kafin ya isa ruwa, ka goge masa ƙirji da hamata da tawul bayan ya fito, ka bar shi ya sha iska minti 10 zuwa 15, sannan ka mayar. Idan ruwan sama ne ya jiƙa ta, a ɗauraye yashin, a matse soson, a sake jan maɗaurai, a kuma riƙa zura yatsa a hamata kowace awa. Aljihunan ba su hana ruwa shiga, kuma babu hudar da zai tsiyaye, saboda haka iyo da jakar a baya haɗari ne na gaske. Wannan gyara ne da masu ɗinkin za su iya yi da huda biyu a gindin kowane aljihu, kuma ya kamata su yi.

Tafkin kansa shi ne dalilin ɗaukar ruwa ko da hanya tana bin gaɓarsa. Ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti, ko kumfa mai shuɗi-shuɗi ta taru a bakinsa, alamar wata gansakuka ce mai dafi da ke yaɗuwa a kwantaccen ruwa lokacin zafi. Tana iya kashe kare cikin sa'o'i, ko ta sha ko ta lasar jikinsa bayan iyo. Kududdufi kuma yana ɗauke da cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa mai lalata ƙoda da hanta, wadda akwai allurar rigakafinta wurin likitan dabbobi, ban da ƙwayoyin da ke kawo zawo. Kare yana bukatar ruwa mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na jikinsa a yini ko yana kwance, wato kusan lita 1.2 zuwa 1.4 ga mai kilo 24, tafiyar yini kuwa tana iya ninka haka. Lita biyun da ke jakar ba ta isa doguwar tafiya ita kaɗai, sauran a bayanka zai kasance. A ba shi kaɗan kaɗan duk minti 20 zuwa 30.

Zafi ma jakar tana ƙara shi, tunda ta rufe baya, baƙa kuma ta fi tara rana. In da zaɓi ɗauki mai haske. Kare da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan ɗoriya, daga 40 an shiga haɗari. Harshe ya zubo ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi jajir, ya soma tangaɗi ko ya kwanta a inuwa ya ƙi tashi: cire jakar nan take, zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da tsakanin cinyoyi, a yi masa fifita, a nufi likita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana tsare zafin ne.

Zoben igiya na ƙarfe ne a baya, bai yi tsatsa ba. Igiya mai tsawon mita 1.8 ta fi dacewa, ita ce ma iyakar da gandun dajin ƙasa na Amurka ke yarda da ita, kuma da yawansu ba su barin kare a hanyoyin ƙafa sam, don haka a duba dokar wuri kafin a tashi. Igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu tana da daɗi a fili, amma a gangare mai tsakuwa riƙe ta a hannu, kada fizga ɗaya ta kayar da kai.

Takalman dai huɗun girmansu ɗaya, alhali dagin gaba yawanci ya fi na baya faɗi. Shi ya sa na baya ke juyawa, wani lokaci su fice a taɓo. Auna kowane dagi daban: kare ya taka takarda, ka ɗaga ɗayar ƙafar don nauyi ya buɗe yatsu, ka ja layi a gefe da gefe. Siririyar safa tana cike ratar na baya, tana kuma kare ɗan yatsan gefe na ƙafar gaba, wanda maɗaurin ke zama daidai kansa ya gurje shi. A yanke farce tukuna. Tafin robar ya jure tsakuwa mai kaifi da ƙaya, ya kuma yi amfani a dutsen da ya gasu. Idan bayan hannunka bai iya daƙiƙa 7 a kansa ba, dagi ma ba zai iya ba. A jiƙaƙƙen falalen dutse kuwa cire su ya fi, domin farce da buɗaɗɗun yatsu sun fi roba kamu. Ta dagi kare ke gumi, don haka a riƙa cire su kowace awa a duba.

Ƙaramin aljihun sama ya isa bandeji, ruwan wanke rauni da hantsaki. Hantsakin na kaska ne: a kama ta dab da fata a ja miƙe, bayan an laluba kunnuwa, wuya, hamata da tsakanin yatsu, inda ƙarangiya ma ke ɓuya. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen guba ne ga kare, kada ya shiga wannan aljihu. Bayan wata shida ɗinki bai warware ko'ina ba, sai zif ɗin hagu da yashi ya sa ya yi tauri da zaren ƙyallin dare da ya soma ɓarewa. Wanki da hannu, sabulu marar ƙarfi, tsohon buroshin haƙori a kan zif da ragar soso, a shanya a inuwa har soson ya bushe ƙarau kafin a ajiye.