Tsofaffin Sulallan Mongoliya: Na 1945 Ko Na Azurfa?

Duk mai sha'awar tara tsofaffin sulallan ƙasashen gurguzu, idan ya zo kan Mongoliya, zai tarar da zubi biyar a hannun dillalai: na 1925, na 1937, na 1945, na 1959, da wanda aka fara a 1970. Kuɗin ƙasar sunansa tugrik, mongo 100 ke cikinsa, kuma an fito da shi ne a watan Disamba na 1925 ta hannun wani banki na haɗin gwiwa tsakanin Mongoliya da Tarayyar Sobiyet da aka kafa a 1924. Tun daga farko tsarin ya bi sawun na Mosko, shi ya sa ake samun sulai na mongo 15, kamar yadda Rashawa ke da na kofek 15.

Ni dai na 1945 nake fifitawa, musamman mai mongo 15. An buga shi a Tarayyar Sobiyet a shekarar da Mongoliya, ƙarƙashin mulkin Choibalsan, ta shelanta yaƙi da Japan a watan Agusta, bayan ta shafe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu tana tura wa rundunar Sobiyet dawakai da nama da tufafin sanyi. Shi ne zubi na farko da ya bar tsohon rubutun Mongol mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa ya koma haruffan Rasha, ya kuma ajiye Soyombo, tsohuwar alamar al'ummar Mongol da ta cika fuskar na baya, ya ɗauki tambarin gwamnatin gurguzu, inda makiyayi ke sukuwa a kan doki riƙe da doguwar sandar kamun dabba, rana tana fitowa. A wancan zamani hukuma ce ke yanke farashin kaya, kuma tugrik ba ya canzuwa a kasuwannin waje, don haka waɗannan sulalla a cikin gida suka yi ta yawo har suka side. Wanda dokinsa da mahayinsa suka fito raɗau shi ne abin nema, kuma farashinsa bai kai ya tsorata mai farawa ba.

Na 1937 ƙarfensu ɗaya da na 1945, sai dai ba su da labarin yaƙi. Na 1959, waɗanda aka buga a Sin, alminiyam ne marasa nauyi, ƙananan da huda a tsakiya. Na 1970 zuwa gaba kuwa sun yi yawa, ba su cancanci a biya kuɗin aike dominsu kaɗai ba.

Na 1925 ne kawai ke iya ja da zaɓina, domin tugrik ɗaya na wannan zubi azurfa ne mai nauyin giram 20, wanda giram 18 daga ciki tsantsa ce. Amma a nan ne 'yan damfara suka fi yin sansani. Jabunsa ya cika shafukan ciniki na intanet, kuma kada mutum ya biya kafin a nuna masa sulan a kan sikeli, sannan idan ya iso ya kusanta masa maganaɗisu, domin azurfa ba ta kamawa. Haka kuma akwai masu tallar fararen sulallan 1945 da sunan azurfa, alhali gaurayen jan ƙarfe ne da nikel, babu ko ɗigon azurfa a cikinsu. Wasu kuma suna ganin lamba 35 a jiki sai su rubuta 1935 su ƙara kuɗi. Wannan lissafin shekarun Mongoliya ne da ke farawa daga 1911, wato 35 na nufin 1945, kuma babu zubin da aka yi a 1935.

Abin da na fi tsana shi ne sulan da aka goge. Wani dillali ya taɓa aiko mini da mai mongo 20 wanda a hoto yake ƙyalli, da na sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma sai ga ƙananan karce duk sun bi gefe guda, gashin wuyan dokin ya shafe sarai. Mai saye ya nemi hoton fuska biyu da na gefe a hasken rana, kuma idan dillali ya ƙi turowa, a nemi wani.