Sandar goma da ta zama tara: sharhina kan akwatin kayan lissafi na ƙananan azuzuwa

Da gangan na jira zangon karatu ya ƙare kafin in rubuta wannan, don na san in na rubuta a makon da abin ya faru, ɓacin rai ne kawai zai cika takardar. Yanzu ma da na zauna, ba zan ce zuciyata ta gama hucewa ba.

Aji biyu na firamare nake koyarwa, yara 32, 'yan shekara shida zuwa bakwai. Na daɗe ina son in riƙa kasa ajin gida huɗu a lokacin lissafi, kowane rukuni da teburinsa da aikinsa na hannu, su yi minti 15 sannan su juya, ni kuma in samu sararin zama da waɗanda aka bari a baya. Dalilin da ya sa ke nan na sayi wannan akwatin da ake ta talla a intanet. Duk wanda ya taɓa nemansa ya san abin da ke ciki: katunan gida goma da 'ya'yan ɗorawa, rekenrek (abin ƙirga mai ƙwayoyi a jikin waya) guda ɗaya, ƙwayoyin lido, katunan umarni, sai kuma kayan goma-goma, wato ƙananan ƙwayoyi na ɗaiɗai, sandunan goma, da faifan ɗari.

Makonni biyun farko, da an tambaye ni, da na ce kowace malama ta je ta saya. Akwai wani yaro a ajina, shiru-shiru ne, in ka ce masa bakwai a tara da biyu sai ya koma tun daga ɗaya yana lanƙwasa yatsu, kafin ya kai bakwai ya manta abin da aka tambaye shi. Katin gida goma ne ya warware masa. Layi biyu ne, biyar sama biyar ƙasa. Ran nan ina tsaye a bayansa ya ɗora 'ya'ya bakwai, ya yi shiru yana kallo, sai ya ɗago ya ce, "Malama, sama ta cika, biyu ne a ƙasa, saura uku ya zama goma." Bai ƙirga ba. Gani ya yi. Wallahi sai da na ji idona ya kawo ruwa, don wata biyu ina fama da shi a kan allo. Rekenrek ɗin ma haka. Wani masani ne, Adrian Treffers na Cibiyar Freudenthal a ƙasar Holan, ya tsara shi: waya biyu, kowace da ƙwaya goma, biyar ja biyar fari, don idon yaro ya saba da kama biyar a dunƙule. Wanda ke cikin akwatin nan yana da ƙwari, ƙwayoyin suna zamewa ba tare da maƙalewa ba. Sai dai guda ɗaya tak aka saka, ga yara takwas a teburi, kullum sai an yi jayayya a kansa.

A mako na uku muka shiga ɗebewa mai aro, a nan ne komai ya lalace.

Aikin da na ba teburin goma-goma shi ne 32 a ɗebe 7. Yaro zai ajiye sanda uku da ƙwaya biyu. Ba zai iya cire bakwai daga biyu ba, don haka sai ya kai sanda ɗaya wurin wanda muka naɗa mai ba da canji, ya karɓo ƙwaya goma, su zama goma sha biyu, sannan ya cire bakwai. Saura sanda biyu da ƙwaya biyar, 25 ke nan. Duk darasin a kan ƙafa ɗaya yake tsaye: sanda ɗaya daidai take da ƙwaya goma, babu daɗi babu ragi. Wannan ne ma dalilin da ya sa Zoltan Dienes, masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Hangari, ya fito da irin waɗannan kaya, don yaro ya taɓa da hannunsa ya tabbatar cewa ɗaya ɗin da ake "arowa" a kan allo ba ɗaya ba ne, goma ne aka ɗaure wuri guda.

Mai ba da canji a ranar wata yarinya ce mai tsananin kula, irin yaran da ba sa yarda da abu sai sun gwada da kansu. Da aka kawo mata sanda, ba ta ƙirga goma ta miƙa ba. Sai ta kwantar da sandar a kan teburi, ta riƙa jera ƙwayoyi a gefenta, tana matsa su da ɗan yatsa don kada a bar tsakani. Ta jera tara, sai ga su sun zo daidai da bakin sandar. Ta ɗauki ta goma ta ɗora, ta ga ta fita waje gaba ɗaya, ta cire ta. Ta miƙa wa yaron ƙwaya tara. Shi kuma ya ce ai Malama ta ce goma. Ta ce a'a, duba mana. Kafin in iso, yara takwas sun haɗa kai a kan teburin, kuma duk sun gama yarda da ita, don ga shi nan a gabansu.

"Malama," in ji ta, "wannan sandar tara ce. Ke kin ce goma."

Na ce ba haka ba ne, bari in nuna miki. Na zauna a ɗan bencinsu na jera da hannuna, a hankali, ina ƙirgawa da ƙarfi. Tara suka cika sandar. Na ɗauko wata sandar, haka. Na canza ƙwayoyi, haka. Na sa ta bi tsagar da ke jikin sandar da farce tana ƙirgawa, ta sami gida goma. To ga gida goma a jikin sanda, ga ƙwaya tara sun cika ta. Ta kalle ni, ni ma na kalle ta, kuma ban da amsar da zan ba ɗan shekara bakwai a wannan lokacin. Sauran teburan uku duk sun bar aikinsu sun zagaye mu.

Da aka tashi na ɗauko rula. Sandar santimita 10 ce cif, yadda ya kamata. Faifan ɗari ma daidai yake, sanda goma suna rufe shi tsaf. Ƙwayoyin ne matsalar: maimakon santimita ɗaya, kowace ta kai wajen milimita 11. Milimita ɗaya ce kawai ta ƙaru, abin da ido ba zai kama ba in ka riƙe ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Amma ka jera tara, ka sami milimita 99, wato kusan sandar ke nan. Ka jera goma, ka sami santimita 11, ƙwaya guda cur ta yi waje. A ganina ƙwayoyin wani kayan daban ne aka kwaso aka zuba cikin wannan akwatin, don ko launin robar bai zo ɗaya da na sandunan ba in ka duba da kyau a haske. Wanda ya haɗa akwatin bai taɓa zama ya jera goma a gefen sanda ko sau ɗaya ba. Aikin da yarinya 'yar shekara bakwai ta yi cikin minti ɗaya, shi bai yi ba.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, a gaya wa yaran kuskuren masana'anta ne a wuce. Wanda ya faɗi haka bai koyar da ƙananan yara ba. Gani ya kori ji. Ni da bakina na yi sati biyu ina ce musu kada su yarda da amsa don na faɗa, su gwada da hannunsu su gani. Sun gwada, sun ga tara. Abin da Jerome Bruner, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, ya bayyana tun 1966, wanda tsarin koyar da lissafi na Singafo ya ginu a kansa, shi ne yaro ya fara da abin da zai taɓa, ya wuce zuwa hoto, sannan ya kai ga lamba a rubuce. Matakin farko shi ne tubalin. In tubalin ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai sai ya bi shi. Kuma na gani da idona: a aikin gida na wannan makon, yara huɗu daga wancan teburin sun rubuta 24 a matsayin amsar 32 a ɗebe 7. Ba sakaci suka yi ba. Sun ari sanda, sun mai da ita tara, sun yi lissafinsu daidai bisa abin da hannunsu ya koya musu.

Wata abokiyar aikina da ta daɗe a koyarwa ce ta cece ni. Tana da tsohon akwatin sandunan Cuisenaire na katako, waɗanda wani malamin firamare ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya ƙirƙiro, daga fara mai santimita 1 har zuwa ruwan lemo mai santimita 10. Ta ce, "Ɗauki fararen nan ki gwada, ƙanwata." Na jera goma a gefen sandata, suka zauna daram, baki da baki. Washegari na kwashe ƙwayoyin akwatin gaba ɗaya na ɗaure a leda, na zuba fararen. Na kira yarinyar nan gaban aji, na ce musu ita ce ta gano cewa ƙwayoyin jiya sun yi ƙiba, kuma ta yi daidai da ta ƙi yarda. Na ba kowa rula ya auna tsohuwa da sabuwa. Ta sake jerawa, ta kai goma, ta taɓa bakin sandar da yatsa, ta yi murmushi. Amma sai da muka ƙara mako guda cur muna maimaita canji kafin 24 ta daina fitowa a littattafansu, kuma makon nan daga lokacin auna tsawo na yanko shi.

Ina cikin rubuta wannan ina tuna yaron katin gida goma, sai in ji kamar in sassauta, in ce akwatin ya yi rabin aikinsa. To amma da na tuna katunan umarnin sai raina ya sake ɓaci. An ce na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, amma kowane kati jimla biyar ko shida ne da ƙananan haruffa, babu hoto ko ɗaya da zai nuna wa yaro yadda zai jera kayan. Yaron da bai gama iya karatu ba yaya zai yi aiki shi kaɗai da wannan? Amfanin raba aji teburi-teburi ai shi ne su iya tafiyar da kansu in ina wani wurin. Maimakon haka kowane minti biyu sai na ji "Malama, me aka ce a nan?" Dole na zauna dare uku na zana nawa katunan, hoto ɗaya da lamba ɗaya a kowanne. Murfin akwatin kuwa maƙallinsa ya karye tun a mako na biyu, kuma cikinsa babu rabe-rabe, komai a cakuɗe, sai da na nemo ƙananan robobi na ware kayan kowane teburi.

Na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa da hoton rula a kan ƙwayar da hoton tara a gefen sanda. Amsar da na samu ita ce ɗan bambancin girma ba ya hana amfani da kayan. Wannan amsar ta fi ƙwayoyin ƙona mini rai. Kayan wasa ne za a ce wa haka, ba kayan da aka yi musamman don su nuna cewa goma goma ce ba. Na sake rubutawa na bayyana musu darasin aro dalla-dalla, da yara huɗun da suka rubuta 24, na roƙi ko ƙwayoyin kaɗai a canza mini.

In har kin riga kin saya, Malama, kada ki kai shi aji sai kin zauna da rula a gida: ki auna ƙwaya, ki jera goma a gefen sanda, ki jera sanda goma a kan faifan. In ba ki saya ba, katin gida goma za ki iya zana shi a kwali cikin minti biyar, rekenrek kuma ana sayar da shi shi kaɗai, ki sayi huɗu ko biyar ya fi miki. Ni dai ba zan sake sayen kayan goma-goma a cikin haɗaɗɗen akwati irin wannan ba. Saƙona na biyu yau sati shida ke nan ba a amsa ba, ledar ƙwayoyin tana nan a durowata, fararen Cuisenaire ɗin kuma na aro ne, farkon zango mai zuwa mai su za ta buƙaci kayanta.