Tokaido ko Nakasendo: Wacce Za a Taka a Japan?

Ana yawan tambayata wacce ta fi daɗin takawa cikin tsofaffin hanyoyin nan biyu da suka haɗa Tokyo da Kyoto. Tokaido ta bi gaɓar teku, zango 53. Nakasendo ta ratsa duwatsu, zango 69.

Tokaido ba wuyar zuwa, sai dai kwalta ta cinye yawancinta. A Hakone, wani yankin duwatsu da ke kan hanyar, akwai sauran tsohon daɓen dutse, ga dogayen itatuwa a jere, ga wurin bauta a bakin tafkin Ashi. In an yi ruwa, akwai santsi.

Nakasendo kuwa, kilomita 8 daga tsohon zangon Magome zuwa na Tsumago sun isa: gidajen katako, da ƙararrawar korar namun daji. Akwai hawa fa, gwiwa za ta gaya maka.

Mai wuni ɗaya daga Tokyo, ya nufi Hakone. Mai lokaci da son shiru, Nakasendo tasa ce.