Ƙunshin Pad Thai na kanti: taliyar ta yi, miyar sai da tsamiya

Pad Thai soyayyar taliyar shinkafa ce ta ƙasar Tailan. Abu uku ne a cikin kwalin kayan haɗa shi na kanti: taliyar shinkafa mai faɗi, ƙullin miya, da 'yar dakakkiyar gyaɗa. Jatan lande, ƙwai, tafarnuwa, lawashi da lemun tsami kuwa kai za ka nemo, kuma su suka fi cin kuɗi, musamman jatan landen da a nan Arewa sai daskararre a manyan kantuna.

Taliyar ba ni da abin faɗa a kanta sai yabo. Ba a tafasa ta yadda muka saba da taliyar alkama. Jiƙa ta ake yi a ruwan ɗumi har ta naɗu a yatsa amma da sauran ƙarfinta, sai ta ƙarasa nuna a kasko tana shan miya. Ta fito sili-sili, ba ta dunƙule ba, ba ta kakkarye ba, tana da 'yar danƙon da ake so a baki.

Miyar ce ban gamsu da ita ba. A Tailan ɗanɗanon Pad Thai daga abu uku yake fitowa: tsamin tsamiya, gishirin nam pla, wato ruwan ƙananan kifi da aka tsuma da gishiri tsawon watanni, da zaƙin sukarin da ake samu daga ruwan bishiyar kwakwa ko dangin giginya. Ta cikin kwalin nan zaƙi ya danne komai, tsamin ma na binega ne, mai tsaya wa mutum a maƙogwaro. Abin ya dame ni, domin wannan abinci ne da mutanen ƙasar ke tinƙaho da shi. Gwamnatin Firaminista Plaek Phibunsongkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ita ta yaɗa shi har ya cika titunan Bankok, babban birnin ƙasar. Bai kamata a mayar da shi alewa ba.

Gyaran yana cikin kicin ɗinmu. Na jiƙa tsamiya da kauri, na tace, na zuba cokali biyu a rabin ƙullin miyar, na ƙara garin barkono. Nan take ɗanɗanon ya daidaita.

Saurin dahuwar da masu ƙunshin suka yi alkawari gaskiya ne, in dai an yanka komai an jera kafin a kunna wuta. Kaskon ya yi zafi sosai, a zuba man gyaɗa, a jefa jatan landen da aka tsane ruwansa. Da ya koma ruwan hoda ya ɗan lanƙwashe, minti biyu ke nan, a kwashe shi, in ya daɗe tauri yake yi. Sai tafarnuwa, taliya da miya. A ture su gefe, a fasa ƙwai a filin da ya buɗe, a bar shi ya kama kafin a juya. Kada a cika kaskon, na mutum biyu ya isa, in ba haka ba turara zai yi maimakon soyuwa. Gyaɗar kwalin ta yi kaɗan kuma ba ta da ƙamshi, na soya tawa na daka.

Wanda bai taɓa dafa shi ba, ƙunshin zai nuna masa hanya. Ni dai nan gaba taliyar kaɗai zan saya da kwalbar nam pla, in haɗa miyata da tsamiya da mazarƙwaila.